Maganin da iska ke sacewa: tarihin bitamin C daga jirgin ruwa zuwa tukunyar miya

Idan ka taɓa yanka ayaba ko tuffa ko doya ka ajiye, ka dawo ka tarar fuskar yankan ta yi duhu, to ka riga ka ga aikin da zan ba ka tarihinsa a yau. Idan kuma ka taɓa lura cewa matsa lemun tsami a kan yankan yana hana shi yin baƙi na wani ɗan lokaci, ka ga ɗaya ɓangaren labarin ke nan. Tsamin lemun yana taimakawa, amma babban mai aikin shi ne sinadarin bitamin C da ke cikinsa. Yadda yake tsare yankan kuwa shi ne ya miƙa kansa, a cinye shi a bar naman ɗan itacen. Wannan hali na miƙa kai shi ne amfaninsa a jikinka, shi ne kuma rauninsa a cikin tukunya da kwalba. Rashin gane wannan rauni ya ci rayukan dubban mutane, ya kuma sa likitoci masu hankali suka riƙe magani a hannunsu suka yar da shi har sau biyu.

Cutar da rashin bitamin C ke kawowa Turawa na kiranta sikabi. Ba ta zuwa da gaggawa. Sai mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku bai sa ɗanyen ganye ko ɗan itace a bakinsa ba, sannan kasala ta fara kama shi, gaɓoɓi su riƙa ciwo, dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su fara girgiɗi, tabo-tabo su fito a ƙafafu kamar wanda aka yi wa duka. In abin ya yi nisa, tsohon miki da ya daɗe da warkewa sai ya sake buɗewa, daga nan sai mutuwa. A kan tudu cutar takan biyo yunwa da yaƙi da kurkuku. Amma inda ta fi yin suna shi ne a teku, tun da Turawa suka fara doguwar tafiya a jiragen ruwa, guzurinsu busasshen biskit da nama mai gishiri. Mutanen Vasco da Gama sun sha ta a tafiyarsu zuwa Indiya tsakanin 1497 da 1499, kuma a gaɓar gabashin Afirka, wajejen Mombasa da Malindi, suka samu lemu, marasa lafiyarsu suka yi ta marmarinsa. Shekara fiye da ɗari biyu bayan haka, George Anson na Ingila ya fita kewaya duniya a 1740 da mutum kusan 1,900, ya dawo a 1744 bayan ya rasa fiye da dubu daga cikinsu, kuma mafi yawansu cuta ce ta kashe su ba abokan gaba ba.

A watan Mayu na 1747 wani likitan sojan ruwa ɗan Sukotilan, James Lind, ya yi gwajin da har gobe ake koya wa ɗaliban likitanci. A cikin jirgin Salisbury ya zaɓi mutum goma sha biyu masu wannan cuta, ya raba su biyu-biyu, abincinsu iri ɗaya. Wasu ya ba su ruwan tuffa mai tsami, wasu ɗigon ruwan batir da aka tsarma, wasu ruwan khal, wasu ruwan teku, wasu wani haɗi na tafarnuwa da kayan yaji. Biyun ƙarshe kuwa ya ba kowannensu lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya a kullum. Kwana shida kacal lemun ya ƙare, amma kafin nan ɗaya daga cikin biyun ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya samu sauƙin da har aka sa shi jinyar sauran. Lind ya buga littafinsa a kan cutar a 1753.

Za ka ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma a nan ne iska ta fara shigowa cikin labarin. Lemu ba ya jure doguwar tafiya, ruɓewa yake yi. Sai Lind ya ba da shawarar a matse ruwansa, a ɗora shi a kan ruwan zafi na sa'o'i har ya yi kauri kamar zuma, a ɗura a kwalabe. A ganinsa ruwa kawai aka kora, ƙarfin maganin yana nan. Masu bincike na zamaninmu da suka maimaita wannan girki sun tarar cewa kaso mai yawa na bitamin ɗin yana tafiya tun a kan wuta, saura kuma ajiya ta ƙarasa shi. Wannan kaurarren ruwa aka ba James Cook ya tafi da shi tafiye-tafiyensa, ya dawo bai yaba shi ba, ya fi yabon wani ruwan tsiron sha'ir wanda a gaskiya ba shi ne ya tsare mutanensa ba. Abin da ya tsare su shi ne nacinsa na neman ɗanyen ganye da sabon abinci a duk tashar da ya sauka. To ka ga yadda aka yi: an gwada lemu ya yi aiki, an dafa shi an gwada bai yi ba, sai aka ɗora laifin a kan lemu. Ba wanda ya zargi wuta da iska, don ba wanda ya san akwai wani abu a cikin ruwan da za su iya lalatawa. Ita kanta iskar oksijin sai a shekarun 1770 aka gano ta.

Sai a 1795, bisa matsin likitoci irin su Gilbert Blane, rundunar sojan ruwan Ingila ta fara raba wa mutanenta ruwan lemun tsami da ba a dafa ba. Cutar ta yi ƙasa warwas a jiragensu. Lemun da suke amfani da shi a lokacin shi ne babban nan mai rawayan ɓawo da ake nomawa a ƙasashen Bahar Rum.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban takaici. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19, Ingilishi suka koma sayen ƙaramin lemun tsami kore daga gonakin yankunan da suke mulka a tsibiran Karibiyan, wato irin wanda muka fi sani a kasuwanninmu. Sun ɗauka tsami ne maganin, shi kuwa ƙaramin ya fi tsami, don haka suka zaci ma sun ci riba. Alhali bitamin C ɗinsa bai kai na babban ba. Wannan kaɗai da bai zama bala'i ba. Bala'in yana cikin yadda ake sarrafa ruwan: a bar shi a buɗe a manyan tankuna iska na dukansa, a tura shi ta bututun jan ƙarfe, wato tagulla, sannan a ɗura a kwalba ya yi watanni. Abin da ya isa bakin ma'aikacin jirgi ruwa ne mai tsami da kusan babu komai a cikinsa. Shekaru da yawa ba a gane ba, saboda jiragen tururi sun gajarta tafiya, mutane kan isa tasha su ci sabon abinci kafin cutar ta nuna kanta. Asiri ya tonu a tafiyar George Nares zuwa ƙanƙarar arewacin duniya a 1875 zuwa 1876. An tafi da ruwan lemu bisa ƙa'ida, amma cutar ta kama mutane da dama, wasu suka mutu. Maimakon a tambayi me ya sami ruwan lemun, sai manyan likitoci suka fara cewa tun asali lemu ba magani ba ne, guba ce a cikin naman gwangwani da ya lalace ke kawo cutar. Da wannan fahimta Robert Scott ya tafi ƙanƙarar kudu a 1901, kuma cutar ta same su a can.

A daidai wannan zamani cutar ta ɓullo a inda ba a zata ba, a gidajen masu hali na Landan da Niyok. Jarirai ne ke kuka in an taɓa ƙafafunsu, dasashinsu na jini. Likita Thomas Barlow ya bayyana ta a 1883, ya nuna cewa sikabi ce. Jariran nan ba nonon uwa suke sha ba, madarar shanu ce da aka tafasa don kashe ƙwayoyin cuta, da garin abincin jarirai na kanti. Tafasa madarar ya ceci yara da yawa daga gudawa, wannan ba abin musu ba ne, amma ya tafi da ɗan bitamin C da ke cikinta. Daga baya Alfred Hess, likitan yara a Niyok, ya nuna cewa ɗan ruwan lemu a kullum yana kawar da matsalar, kuma a shekarun 1920 shi da abokan aikinsa suka tabbatar cewa ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin tagulla daga tukunya ko bututu yana hanzarta lalacewar sinadarin a cikin madara.

Hanyar gane gaskiya ta buɗe ne da sa'a. A 1907 wasu likitoci biyu a Nowe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wata cuta dabam, sai suka ciyar da ɓeran Masar da hatsi zalla. Dabbobin suka kamu da sikabi. Da kare ko ɓera na gida suka ɗauka da ba su ga komai ba, domin mafi yawan dabbobi suna ƙera bitamin C da kansu a jikinsu. Akuyar da ke ɗaure a gidanka hantarta na yi mata nata a kullum. Mu 'yan Adam, da birai, da ɓeran Masar, da wasu jemagu, muna cikin waɗanda suka rasa mataki na ƙarshe na wannan ƙira, sai dai mu ci. Da aka samu dabbar gwaji, aka samu ma'auni. A 1918, a cibiyar Lister da ke Landan, Harriette Chick da abokan aikinta suka gwada ruwan lemun da ake ba sojoji a kan ɓeran Masar suka ga ba ya hana cutar, Alice Henderson Smith kuma ta bi tsofaffin takardun rundunar ta gano lokacin da aka sauya irin lemun. Wani mai bincike a wannan cibiya, Solomon Zilva, ya nuna cewa in aka hura iska ta cikin ruwan lemu ƙarfinsa yana tafiya, kuma tafiyar ta fi sauri idan an kashe tsaminsa da abu mai kaifin kanwa. Ka riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta a kicin.

Yanzu bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa a ciki, gwargwadon yadda harshe zai ɗauka. Kowane sinadari yana ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron. Wasu sinadarai mayunwata ne, kullum neman ƙwace waɗannan ƙwayoyi suke yi daga maƙwabtansu. Oksijin na cikinsu, haka aidin da ake sa wa miki, haka kulorin da ake tsarkake ruwa da shi. Bari mu kira su masu ƙwace. Wanda aka ƙwace wa kuwa ana cewa an yi masa oksideshan, kuma tsatsar da ke cin ƙarfe ita ce misalinsa da kowa ya sani. Bitamin C ɗan'uwan sukari ne a ƙira: ƙwayar kabon shida, haidirojin takwas, oksijin shida, an naɗe wasunsu kamar zobe. A gefe ɗaya na zoben akwai haidirojin biyu da ba su riƙe da ƙarfi ba. Da mai ƙwace ya matso, bitamin C sai ya sakar masa ilektaron biyu tare da haidirojin biyun nan, ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙwacen ya ƙoshi ya lafa, bai taɓa tsokar jiki ko naman ɗan itace ba.

Abin da ya rage bayan wannan kyauta wani sinadari ne mai haidirojin shida, kuma ga abin lura: bai mutu ba tukuna. Idan ka ci shi a haka, ƙwayoyin jikinka, musamman jajayen ƙwayoyin jini, suna iya ɗaukarsa su mayar masa da abin da ya rasa, ya koma bitamin C sak. Amma idan aka bar shi a cikin ruwa, musamman ruwa mai zafi ko marar tsami, zoben nan sai ya ɓalle. Daga nan babu dawowa. Ya zama wani abu da jiki ba ya iya gyarawa, wanda wani kasonsa ke rikiɗa ya zama okzalet, gishirin da ke cikin mafi yawan tsakuwar ƙoda. Ashe lalacewar mataki biyu ce, na farko rance, na biyu asara. Oksijin kaɗai a ruwa mai tsami da sanyi a hankali yake aikinsa. Zafi yana ƙara masa sauri, kanwa tana ƙara masa, tagulla da baƙin ƙarfe kuwa su ne dillalai, suna karɓar ilektaron daga bitamin su miƙa wa oksijin su dawo su sake karɓa ba tare da sun ƙare ba. Shi ya sa ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa ya kashe tanki guda. Ka sake duba tukunyar Lind da bututun Karibiyan da madarar jarirai, za ka ga abu ɗaya ne ya faru sau uku.

Wannan mataki biyu har masana sai da ya rikita. Wani masanin sinadaran abinci a Farankfut ta Jamus, Josef Tillmans, yana amfani da wani rini shuɗi mai suna indofinol, wanda shi ma mai ƙwace ne, kuma da zarar ya ƙoshi launinsa ke ɓacewa. Ya lura cewa sabon ruwan lemu yana ɓatar da launin rinin, na jabu kuwa ba ya yi, sai ya ce abin da ke ɓatar da launin shi ne bitamin C. Zilva ya musa. Hujjarsa ita ce ya sa wa ruwan lemu rinin har ya daina ɓatar da launi, ya ba ɓeran Masar, kuma ya tsare su daga cutar. Kowannensu ya ga gaskiya da idonsa. Abin da Zilva ya ba dabbobinsa shi ne sinadarin da ke matakin rance, jikinsu ya farfaɗo da shi. Tillmans ne ya yi daidai, kuma rininsa har yau ana auna bitamin C da shi a ɗakunan gwaji.

Wanda ya fara riƙe sinadarin a hannu ba ma bitamin yake nema ba. Albert Szent-Györgyi, ɗan ƙasar Hangari, tambayarsa ita ce wadda muka fara da ita: me ya sa wasu 'ya'yan itace ke yin baƙi in an yanka su, wasu kuwa, irin su lemu da kabeji, ba sa yi? A gwajinsa ya ga cewa ruwan irin waɗannan tsirrai yana jinkirta fitowar wani launi na ɗan lokaci kaɗan, ya ce lalle akwai mai miƙa kai a ciki. Ya bi sawunsa har ya tace shi a Kambirij a 1928, daga lemu da kabeji da kuma wani ɗan ƙullutu da ke saman ƙodar shanu. Da yake ya san dangin sukari ne amma bai san wanne ba, sai ya so ya raɗa masa suna mai ma'anar sukarin ban-sani-ba. Editan mujallar ya ƙi, ya sake kawo wani mai ma'anar sukarin Allah-ne-masani, shi ma aka ƙi, aka sa masa suna na ilimi. A watan Afrilun 1932 Charles Glen King a Amurka, da shi Szent-Györgyi tare da Joseph Svirbely a garin Szeged, suka buga sakamako kusan mako biyu tsakani cewa wannan sinadari shi ne bitamin C. Gardamar wa ya riga wani ta daɗe ba ta kwanta ba.

Szeged gari ne na noman jan tattasai. Szent-Györgyi ya ba da labarin cewa wani dare matarsa ta kawo masa tattasai a abinci, ba ya son ci, sai ya ce zai kai shi ɗakin gwaji ya duba. Ya tarar da shi maƙare da sinadarin, cikin ɗan lokaci ya tara abin da a da bai taɓa mafarkin samu daga ƙodar shanu ba, ya rarraba wa masu bincike. Norman Haworth a Bamingam ya gano ƙirarsa a 1933, aka sa masa sunan da yake amsawa yanzu a jikin kwalayen magani, askobik asid, ma'ana mai hana sikabi. A shekarar dai Tadeus Reichstein a Zurik ya haɗa shi daga sukari, daga baya kamfanin Hoffmann-La Roche ya fara sayar da shi da sunan Redoxon. A 1937 aka ba Szent-Györgyi da Haworth kyautar Nobel, ɗaya a fannin likitanci ɗaya a fannin sinadarai.

Daga baya ne aka gane me ya haɗa wannan miƙa kai da dasashi mai jini. Jiki yana saƙa wani zare mai suna kolajin, shi ne ke riƙe fata da jijiyoyin jini da ƙashi da tushen haƙori. Ma'aikatan da ke ƙarfafa zaren suna aiki da ƙwayar sinadarin ƙarfe, ita kuwa takan rasa ilektaron ta tsaya cik. Bitamin C ne ke ba ta ta ci gaba. In babu shi zaren ya fito sako-sako, jijiya ta yoyo, miki ya ƙi haɗewa. Irin wannan kyauta yake yi wa sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye a hanji, ya mai da shi siffar da jiki ya fi iya tsotsa. Saboda haka mai juna biyu ko mai ƙarancin jini ta ci wakenta da ɗanyen tumatir ko ta bi shi da lemu, ta jinkirta shayi zuwa wani lokaci.

Kana iya ganin wannan aiki da idonka a gida. Dama ɗan sitaci a ruwan zafi, ka tsarma shi sosai ya huce, ka ɗiga masa aidin kaɗan. Zai koma shuɗi mai duhu kamar baba. Sai ka riƙa ɗiga sabon ruwan lemu kana ƙirgawa har launin ya ɓace. Ka maimaita da ruwan lemun da aka tafasa ya jima ko ya kwana biyu a buɗe, ka ga ɗigo nawa zai ci. Kada kowa ya sha wannan haɗi, a kuma ɗauke aidin daga inda yara za su kai. Darasi na biyu yana cikin gwajin: abin da ya kashe aidin zai kashe kulorin. Idan kun sa maganin tsarkake ruwa a randa, ku ba shi rabin sa'arsa ya gama aiki kafin a matsa lemu a ciki.

Sai mu koma kicin, ga maganar Zilva. Kanwa tana sa ganye ya yi kore shar, ta sa kuɓewa da kuka su yi yauƙi, ta nuna wake da wuri, amma ita ce babbar abokiyar gabar bitamin C. Ganyen da aka shanya a rana, aka daka, aka dafa da kanwa, aka sake ɗumamawa da safe, yana da sauran amfaninsa, sai dai kada a ƙirga shi cikin masu ba da wannan bitamin. Ni ba zan ce uwargida ta bar miyar kuka ba, ba ma zai yiwu ba. Abin da nake gani shi ne a nemi bitamin C a inda wuta ba ta taɓa ba. Goba tana da fiye da miligiram 200 a kowane giram 100, lemun zaƙi kusan 50. Ga gwanda, ga mangwaro, ga ɗan yazawa, ga garin ɗan kuka da ake damawa da nono, ga ɗanyen tattasai da tumatir a kwaɗo. Ganyen da za a dafa kuwa, zogale ne ko alayyafo, a wanke shi kafin a yanka, a yanka dab da sawa, ruwa kaɗan, a rufe tukunya, kada a zubar da ruwan dahuwar in zai ciwu, domin bitamin ɗin narkewa yake yi a ciki. Buƙatar ba ta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi miligiram 45 a rana, hukumomin Amurka sun sa 90 ga namiji da 75 ga mace, da ƙarin 35 ga mai shan taba, saboda hayaƙin cike yake da masu ƙwace. Goba ɗaya ta biya. Jaririn da ke shan nonon uwa mai cin abinci mai kyau yana samun rabonsa.

Cutar kuma ba ta zama tarihi ba. Ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira na Somaliya da Sudan da Habasha a shekarun 1980, ta kuma bayyana a sansanin Kakuma na Kenya a 2017 zuwa 2018 a tsakanin samarin Sudan ta Kudu, duk a inda abinci ya zama hatsi da wake da mai kaɗai na tsawon watanni. Akan gan ta jefi-jefi a wurin tsoho da ke zaune shi kaɗai, da yaron da ya kafe a kan abinci iri ɗaya, da majinyacin da ya daɗe ba ya iya ci. Wanda ke kula da irin waɗannan ya ga dasashi na jini da tabo a ƙafa ba tare da bugu ba, ya kai su asibiti, domin akwai cututtukan jini masu kama da haka. In sikabi ce, sauƙi yana fara bayyana cikin 'yan kwanaki. Inda ɗanyen abu ya yi wuya, akwai dabarar da aka sani tun kafin yaƙin duniya na ɗaya: busasshen wake ko hatsi ba shi da bitamin C, amma in aka jiƙa shi ya yi tsiro, tsiron yana ƙera shi.

Saura masu sha fiye da kima. Tun da Linus Pauling ya buga littafinsa a kan bitamin C da mura a 1970, mutane suka ɗauki ɗabi'ar haɗiyar giram guda ko fiye a rana. Gwaje-gwaje masu yawa da aka yi bayan haka sun nuna cewa ga yawancin mutane ba ya hana kamuwa da mura, illa ya ɗan rage kwanakinta ga mai sha a kai a kai. Abin da ya wuce buƙata fitsari ke fitar da shi, fiye da miligiram 2,000 a rana kuwa yana kawo gudawa da murɗar ciki. Mai tarihin tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya tuna da okzalet ɗin nan. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, wanda ƙarfe ya taru a jikinsa, kada ya sha mai yawa sai da izinin likitansa, domin bitamin C da ƙarfe mai yawa in sun haɗu suna iya haifar da masu ƙwacen da ake gudu. Masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a yammacin Afirka, allurar bitamin C mai yawa ta jijiya tana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Akwai kuma ruɗin da yake kawowa a ɗakin gwaji, kuma shi ne mafi saurin shige wa mutane. 'Yar takardar da ake tsomawa a fitsari don neman jini ko sukari tana aiki ne da rini mai sauya launi in an ƙwace masa ilektaron, kusan irin dabarar Tillmans. Idan fitsarin cike yake da bitamin C, sai ya tare aikin, launi ya ƙi fitowa, a ce babu jini ko babu sukari alhali akwai. Haka tsohon gwajin neman ɓoyayyen jini a bayan gida, shi ya sa ake cewa a dakatar da ƙwayar kwana uku kafin a yi shi. Wasu na'urorin auna sukari na yatsa ma suna ba da lamba ta ƙarya ga wanda aka yi wa ƙarin bitamin C mai yawa ta jijiya. Duk lokacin da za a yi maka gwaji, ka ambaci ƙwayar bitamin C cikin magungunan da kake sha, ko da ba a tambaye ka ba.

Ita kanta ƙwayar ba ta tsira daga iska ba. Wadda aka yi fara, in ta sha zafi da laima, takan koma rawaya, sannan ruwan ƙasa, ta yi ɗigo-ɗigo. Irin wadda ake jefawa a ruwa ta yi kumfa, a cikin murfin kwalbarta akwai abin tsotse laima, don haka a mai da murfin da zarar an ɗauki ɗaya, a kuma shanye ruwan nan take. Wadda aka ƙirgo maka a leda daga tire da ya wuni a rana, ka dubi launinta kafin ka biya.